Yadda muka tayar da CBR ɗin Yaya bayan shekara biyu a zaure

Moton, wato babur ɗin, na Yayana ne. Honda CBR600F ƙirar 1993, ɗan Kwatano, ja da fari, wanda in ya shigo da shi unguwarmu ta Birni a Damagaram sai yara sun rako shi har ƙofar gida. Da aiki ya mai da shi Diffa, ya tura moton cikin zaure, ya lulluɓe shi da tsohon bargo, ya ce nan da wata uku zai zo ya ɗauka. Wata uku suka zama shekara biyu. Ranar da ya bugo mini waya ya ce, "Ƙanena, in ka iya tayar da shi, ka riƙa hawa," ban yi barcin kirki ba don murna.

Abu ɗaya ne Yaya bai yi ba kafin ya tafi: bai tsiyaye man da ke ciki ba. Na sayo sabon batir, na ƙara lita biyar a tanki, na ja shok, na danna. Ya yi ta tari kafin ya kama, kuma ko da ya kama, muryar ba tasa ba ce. Da na saki shok sai ya mutu. Da na taɓa gaz sai ya mutu. A ƙasa kuma mai na ɗiga daga wani siririn tiyo, har ya yi tabo a daɓen zaure. Na jiƙa yatsa na taɓa bututun hayaƙin nan huɗu da suka fito daga inji: na ɗaya ya yi cuu, na biyu ya yi, na huɗu ya yi, na uku sanyi ƙalau. Wato da silinda uku yake tafiya.

Na fara tura shi wurin wani yaro makanike na bakin titi, wanda ƴan kabu-kabu ke layi a gabansa. Yaron ya san aikinsa, Kasea ko Haojue in ya shigo hannunsa ba ya kwana. Amma waɗannan duk karbiratar ɗaya gare su, abin nan da mutanen Kano ke ce wa kafireto, shi kuwa wannan huɗu ne jere a kan ƙarfe ɗaya. Ya zura hannu ya yi ta murɗa kusoshin gaurayen mai da iska, wannan ciki, wancan waje, babu lissafi. Da abin ya ƙi, sai ya aiki yaronsa ya sayo allura, wai zai buɗa ramin jiklar, ɗan tagullar nan mai rami da mai ke bi ta ciki, don mai ya wadata. Nan na ce ya dakata. Ban san komai ba a lokacin, amma na san ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa.

Akwai wani dattijo a wajen Zango, abokin marigayi mahaifinmu, da ya daɗe yana taɓa manyan motoci masu ƙafa biyu. Baba muke ce masa. Ya zagaya moton sau biyu, ya buɗe murfin tanki ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Ɗana, wa ya taɓa kusoshin nan?"

Na faɗa masa.

"To. Idona ya yi rauni, ba na ganin ƙananan ramuka yanzu. Kai za ka yi aikin da hannunka, ni in zauna in faɗa maka. Ka riƙa zuwa bayan asuba, kafin iska ta taso da ƙura. Ka zo da gwangwanin madara huɗu da farin ƙyalle."

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, kuma na gane dalilin sharaɗinsa tun ranar farko. Da hantsi ya yi, duk abin da ka ajiye a fili sai ka ga jan gari ya kwanta a kansa.

Tanki muka fara. Abin da ya fito daga ciki ba mai ba ne, wani ruwa ne ja mai warin tsohon fenti, ga tsatsa a ƙasa. Yaya ya ce mini cikon ƙarshe da ya yi na kwalba ne, wurin ƴan ruwa-ruwa. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011 a kan hanyar Tanut man gidan mai bai yi mana nisa ba, amma kowa ya san kwalba ta fi kusa da ƙofar gida, kuma kwalbar da ta yini a bakin titi, da mazurarin da ake zubawa da shi, ba sa rasa ƙura, wani sa'in har da ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki ya yi ta cin ƙarfe. Muka zuba kananzir da ƙananan notuna, na yi ta jijjigawa har kafaɗuna suka yi tsami, muka ɗauraye, muka kife shi a rana.

Cire jeren karbiratar ɗin ya ci mini safiya guda. Bayan tanki akwai akwatin iska, bayan shi wayoyin gaz biyu da wayar shok, sannan robobi huɗu da suka haɗa karbiratar da inji. Robobin sun bushe sun yi tauri kamar ƙaho. Na ɗauko ƙarfen taya zan ɓanɓare, Baba ya riƙe hannuna. Ya sa aka tafasa ruwa a butar shayi, muka jiƙa tsumma muka naɗe su, bayan ɗan lokaci suka yi laushi, na girgiza sama da ƙasa, jeren ya fito gaba ɗaya.

Kafin in kwance ko kusa ɗaya, ya zaunar da ni ya nuna mini yadda abin ke aiki, kuma wannan bayanin ne ya sa sauran aikin ya zama mai ma'ana a wurina. Irin wannan karbiratar, na kamfanin Keihin, baki milimita 34, hannunka ba shi ke ɗaga fiston ɗin ciki ba. In ka murɗa gaz, wani faifan tagulla kawai kake buɗewa a maƙogwaro. Iskar da inji ke zuƙa ita ke gudu ta cikin maƙogwaron, gudun nata ya rage matsin da ke saman wata siririyar roba mai kamar hula, sai robar ta ɗago fiston, fiston ya ɗago allura mai tsini daga raminta, mai ya biyo. Mai kuwa ta hanya uku yake fitowa. In moto na tsaye yana ralanti, ko ka ɗan taɓa gaz, ƙaramin jiklar ke ciyar da shi. Daga wajen kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, aikin allura ne. In ka buɗe gaba ɗaya, babban jiklar ne. Gaurayen da ke ƙonewa sarai shi ne kusan kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na mai. Da na ji haka sai na gane ciwon moton da kaina: yana tashi da shok, yana mutuwa in an saki, ke nan ƙananan hanyoyin ne suka toshe.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, na rubuta 1, 2, 3, 4 a jikin gwangwanaye. Dokar Baba ita ce kayan wannan ba sa shiga gwangwanin wancan, kuma ba a raba jeren huɗun daga ƙarfen da ya riƙe su sai dole, don akwai ƙananan sifirin a tsakaninsu da in suka yi tsalle ba ka ƙara ganinsu. Kusoshin kwanon ƙasa sun so su ba ni wuya. Kansu kamar na turnabis mai kuros da muka sani, amma yankan Japan ne, bakinsa ya ɗan bambanta, kuma turnabis ɗin kasuwa yana zamewa ya cinye kan kusa. Na lalata ɗaya kafin Baba ya miƙo mini nasa, wanda ya goge tsininsa da dutse tun da daɗewa don ya zauna daram. Ka danna da ƙarfi, ka ɗan buga gindinsa da guduma sau ɗaya, sannan ka murɗa.

Da kwanon farko ya buɗe na ga abin da shekara biyu suka yi. Man ya ƙafe ya bar wani kore-kore mai danƙo kamar ƙaro, a ƙasansa kuma jan laka, ƙurar Damagaram da tsatsar tanki sun haɗu. Na uku ya fi kowanne muni. Na kwance manyan jiklar, an buga 135 a jikinsu, ƙananan kuma 38. Na ɗaga babba na duba ta hasken rana, rami ya fito sarai. Na ɗaga ƙarami, duhu. Ramin nan bai kai rabin milimita ba, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi. Duka huɗun a toshe suke, uku rabi-rabi, na uku kuwa ko ɗigon haske babu.

A nan aikin ya zauna, kwana uku ina kansa. Muka jiƙa duk abin da yake tagulla ne a cikin tina ya kwana, bayan mun ware duk wata roba gefe, don tina da maganin fesawa na gwangwani suna kumbura roba su lalata ta. Da safe na feɗe wata tsohuwar wayar lantarki na zaro silin jan ƙarfe guda ɗaya, siriri kamar gashi. Jan ƙarfe ya fi tagullar jiklar laushi, zai ture datti amma ba zai ci bangon rami ba, saɓanin allurar ɗinki. Na riƙa zura shi a hankali, ina juyawa, ina fesa magani, ina ɗagawa ga rana. Sai ka ga haske ya fara fitowa kamar tauraro ɗaya, amma gefensa ba daidai ba. Baba ya ce ba a gama ba sai ramin ya zama da'ira sosai, kuma sai hasken huɗun ya zo girma ɗaya in ka jera su. A jikin kowane jiklar ƙarami akwai wasu ramuka na gefe, haka ma bututun da allura ke shiga, inda iska ke gauraya da mai tun kafin su fita. Su ma ɗaya bayan ɗaya na bi su.

Jiklar ɗin ma sauƙi gare shi, tunda yana fita a hannu. Wahalar tana cikin gangar jikin karbiratar, inda aka huda hanyoyin da ido ba ya gani. Dabarar ita ce ka fesa magani ta ramin da ƙaramin jiklar ya fito, ka toshe wata kafa da yatsa, ka duba ko ya fito ta ƴan ramukan nan da ke dab da leɓen faifan tagulla a maƙogwaro. A na ɗaya da na biyu da na huɗu ya fito da ƙarfi. A na uku shiru. Na ɗauki jeren na kai wurin mai faci da ke maƙwabtaka, muka busa da iskar kwamfaresa, muka sake jiƙawa, muka sake busawa. Sai a karo na huɗu wani abu ya yi fit ya fita, maganin ya feso mini a goshi. Tun daga ranar ba na wannan aikin sai da tabarau.

Kusoshin da yaron nan ya murɗa, kafin in cire kowace sai na mai da ita ciki a hankali ina ƙirga zagaye har ta taɓa ƙasa, ba tare da matsawa ba, don tsininta siriri ne, yana karyewa a ciki. Ɗaya na same ta a zagaye ɗaya, wata a huɗu da rabi. Kowace kusa tana da sifirin, da ƙaramin wasa, da zoben roba da bai fi ƙwayar gero biyu ba. Zoben yakan maƙale a cikin rami, in ba ka zaƙulo shi ba ka ɗora sabo a kansa, ka sayi matsala.

Sai hulunan roba na sama. Na ɗaga kowace na miƙe ta kaɗan a gaban rana. Ta uku tana da huda kamar ta ƙaya a kusa da baki. Da irin wannan hudar fiston ba zai ɗagu yadda ya kamata ba, ko da an wanke komai. Ƴan alluran da ke tsayar da mai in kwano ya cika kuwa, biyu daga ciki bakin robarsu ya yi zobe saboda daɗewa, shi ya sa mai ke ambaliya yana zuba a zaure. Fulotar ɗin, abin da ke yawo a kan mai yana tura allurar, na roba ne, ba a lanƙwasa shi a gyara tsayinsa kamar na tsofaffin motoci, don haka maganin kawai sabuwar allura. Mazauninta na goge da auduga a kan tsinke da ɗan man goge baki har ya yi ƙyalli.

Kayan ba su samuwa a Kasuwar Dole. Na zagaya rumfunan kayan moto kaf, kowa sai ya juya hular a hannu ya girgiza kai. Wani ɗan unguwarmu mai zuwa Kano ta Matamaye na ba samfur a cikin leda, da hoton lambar moton a waya. Sati uku muka jira. Ya dawo da allurai huɗu, da zobban roba, da juwan, wato robar bakin kwano, da hula ɗaya ta hannu da aka ciro daga wani moton da ya yi hatsari. A cikin kwalin akwai sababbin jiklar ma, amma Baba ya ce in mai da na asali. Lambar da aka buga a kan na kwali ba kullum take daidai da ramin ba, na Keihin kuwa tunda ba a taɓa su da allura ba, suna nan yadda aka yi su.

Sati ukun nan ba mu zauna ba. Ya sa na buɗe kan inji muka auna tazarar sufaf, wato bawul ɗin da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya, da ƴan ƙarafan awo, inji na sanyi: 0.16 na milimita a na shiga, 0.22 a na fita. Dalilinsa shi ne silindar da sufaf ɗinta ya matse ba ta zuƙar iska daidai da ƴan uwanta, kuma in ka daidaita karbiratar a kan haka, ka daidaita shi a kan karkace. Muka tarar duk suna cikin iyaka, alhamdu lillahi.

Da na haɗa komai, ban ɗora a kan moto ba tukuna. Muka rataye gorar mai a reshen bedi, muka haɗa tiyo, muka bar jeren a kan benci rabin awa. Ko ɗigo. Na busa iska ta bakin kowanne na ga fiston ya tashi ya sauko da ɗan nishi, huɗun gudu ɗaya. Na mai da kusoshin nan duka zagaye biyu a matsayin mafari. Sannan muka daidaita faifan huɗu da ido: na sa siririyar waya a ƙarƙashin leɓen faifan da wayar gaz ke ja, na murɗa kusoshi ukun da ke tsakani har kowane faifai ya riƙe wayar da irin matsin.

Da muka ɗora jeren a kan moto, ya tashi a dannawa ta biyu. Na jiƙa yatsa na taɓa bututu na uku, ya yi cuu. Na dubi Baba, ya ɗaga mini hannu alamar in saurara. In na murɗa gaz na saki, allurar agogo ba ta saukowa nan take, sai ta rataye a wajen 3,000 kafin ta sauko a hankali. Ni na ɗauka kusar ralanti ce. Ya ce a'a, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Ya karɓi gwangwanin magani ya fesa kaɗan a kan robar da ta haɗa na biyu da inji, muryar injin ta canza nan take. Da muka cire, ga tsaga a ƙasanta inda ido ba ya kaiwa, tsawon farce. Sai da muka ƙara jiran kwana goma kafin robobi su iso. Na so in shafe ta da gam in wuce, ya ce in shafa in ina so, amma zafin bazara zai buɗe ta, kuma silindar da ke shan iska fiye da kima zafi take yi har ta ƙona sufaf. Na jira.

Daidaitawar ƙarshe ita ce abin da na fi jin daɗinsa. Baba ba shi da agogunan awo huɗu irin na manyan garaji. Abin da yake da shi katako ne mai tsawon mutum, an lanƙwasa farin tiyo a jikinsa kamar harafin U, an zuba man inji ja har rabi. A kowane baki ya cusa tsohon ƙaramin jiklar don man kada ya yi ta tsalle. Ana haɗa baki ɗaya da kafar zuƙa ta silinda ɗaya, ɗayan da ta maƙwabciyarta. Wadda ta fi zuƙa sai ta ja man ya hau gefenta. Muka fara da 1 da 2. Da inji ya tashi man ya ruga gefe ɗaya kamar zai shige ciki, na kashe da sauri. Na murɗa kusar tsakani kaɗan, na sake tayarwa. Abin mamaki shi ne ƙanƙantar murɗin da ake bukata: kaurin farce ka juya, man ya motsa taƙi guda. Ko nauyin turnabis a kan kusar yana canza awon, sai ka ɗaga hannu, ka ɗan buga gaz, ka jira ya zauna. Muka gama 1 da 2, muka yi 3 da 4, sannan muka haɗa 2 da 3 da kusar tsakiya. In allurar zafi ta hau sai mu kashe mu sha shayi.

Ina cikin murɗa ta tsakiyar ne na ji abin da Baba ke jira. Wani kaca-kaca da ke fitowa daga wajen kulos tun farko, wanda na ɗauka wata lalurar ce daban, ya ɓace. Muryar ta zama ɗaya, sumul. Muka sauke ralanti zuwa 1,200, allurar ta tsaya cak. Daga nan na bi kusoshin ƙananan hanyoyi ɗaya-ɗaya, ina fitarwa kwata-kwata ina saurare, inda inji ya fi sakin murya nan nake bari. Duka suka zauna tsakanin zagaye biyu da biyu da rabi.

Baba ya gargaɗe ni cewa wannan saitin na hunturu ne. Iskar sanyi ta fi nauyi, ta Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta fi sauƙi, don haka man zai ɗan yi yawa a gaurayen. In na ji ralanti ya yi nauyi a bazara, in mai da kowace kusa ciki da kwata, kada in wuce haka, kuma kada in taɓa komai kafin in duba filtar iska, don a garin nan ita ke fara toshewa. Na sa ƙaramar filtar mai a tiyon da ke fitowa daga tanki. In zan bar moton fiye da sati biyu, sai na kwance kusar gindin kowane kwano na tsiyaye.

Ranar Juma'a da safe na fita gwaji a kan hanyar Mirriya, kilomita 18, kafin manyan motoci su fito. Daga ƙasa ya ɗauka babu tari, a tsakiya babu rami, da allura ta wuce 7,000 sai ya miƙe da wata murya da na manta da ita tun Yaya na nan. Na tsaya a gindin wata tsamiya kafin shiga gari, na jira inji ya huce, na ɗaga tanki na ciro buji, wato fulogi, na uku. Bakinsa ya yi ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara, babu baƙin hayaƙi, babu fari. Na ciro na ɗaya na jera su a tafin hannu, kala ɗaya. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya, na mai da su, na juyo Zango don in nuna wa Baba kafin a tafi masallaci.